Rumbunan Sarkin Noma a Cikin Waya

Asabar, 14 ga Agusta, da hantsi

Yau da safe, da na shawo kwanar ajin da Malam Ezekiel ya ara mana a kwalejinsu, ina rataye da wayar wuta a kafaɗa, sai na tarar ɗaliban sun riga ni zuwa. Ruwa ake yi tun asuba. Suna tsaye a baranda, takalma a hannu, ƙafafu duk taɓo, amma kowa ya ƙulle wayarsa cikin farar leda kamar ƙullin sikari. Riga ta jiƙe, waya ba ta jiƙe ba. Na tsaya ina kallonsu har ruwa ya gangaro mini cikin wuya.

Ni suke jira. Ni Mahadi mai caji na bakin tasha, wanda karatunsa ya tsaya a firamare.

Malam Ezekiel ne ya jawo mini wannan. A rumfata yake ba da caji, kullum yana ganina na duƙufa a kan waya, ya ɗauka wasan ƙwallo nake bugawa. Ran da ya leƙa ya ga Wikipedia ta Hausa nake gyarawa, bai bar ni na huta ba sai da na yarda zan riƙa koya wa ɗalibansa duk Asabar. Na ce masa su sun fi ni boko. Ya ce ya sani, amma ni na san inda ake dannawa.

Mun buɗe wa kowa asusu. Na ce kowa ya riƙe kalmar sirrinsa, kada a kwafo rubutun wani, kuma duk abin da aka faɗa a nuna littafi ko jaridar da aka samo shi. Na ba su labarin yadda aka yi ta goge muƙalolina na farko har na kusa zuciya. Wata Dorcas, mai tabarau, ta ƙara jimla ɗaya a shafin Gusau, ta danna, ta ga ta hau. Ta rufe baki da hannu, ta yi ta kallon wayar kamar za ta yi magana.

Ko abinci na kasa ci don murna.

Asabar, 21 ga Agusta, bayan azahar

Sun ƙaru. Har benci aka aro.

Na ce kowa ya duba ko garinsu yana da shafi. Shafa'atu ta ga Bungudu, ta ce an rage musu girma. Wani dogon yaro, Tajuddeen, daga wani ƙauye bayan 'Yankuzo, ya nema ya nema bai ga nasu ba. Ya ce to su ba mutane ba ne? Na ce abin da ya tara mu ke nan, ya je ya rubuta duk abin da ya sani, daga baya mu tace.

Akwai darasin yadda ake rubutu a kan mutanen da ke raye. Yana da ɗan wuya, na bar shi sai ƙarshe.

Talata, 24 ga Agusta, da yamma

Tajuddeen ya zo rumfa, bai ko yi sallama da kyau ba ya miƙo mini waya. Shafin ƙauyensu ya hau! Ya sa rijiyar tsakiyar gari da tsamiyar da ake zama a gindinta, ya sa abin da ake nomawa. Sannan ya buɗe wani sashe guda a kan babansa, Malam Muhammad Sani, wanda shi ne Sarkin Noman ƙauyen. Nan fa alƙalami ya ƙwace masa. Har kirarin da maroƙa ke yi wa tsohon ran gayya ya zuba: mai rumbun da ba a taɓa ganin gindinsa ba, mai shanun huɗa da ke gajiyar da garma. Ya ɗora hoto, rumbuna a jere bayan gida da sabon jinka, bijimai biyu a ɗaure, tsohon yana tsaye a gaba da malafa.

Na yi dariya na ce nan ba fagen roƙo ba ne, ba a yabo a Wikipedia, ran Asabar za mu rage. Amma hoton ya yi kyau ƙwarai. Na nuna wa duk wanda ya zo karɓar waya.

Asabar, 28 ga Agusta, da hantsi

Na nuna musu inda ake ganin yawan masu karanta shafi. Na Tajuddeen ya wuce na kowa nesa ba kusa ba. Ashe ya tura shi zauren WhatsApp na 'yan ƙauyensu, daga nan aka yi ta turawa, har mutanensu da ke Legas sun gani. Aka yi masa tafi, yana ta sosa ƙeya. Dorcas ta ce daga yau sunansa Ɗan Sarki.

Lokaci ya ƙure a kan koyon sa manazarta. Ba mu kai ga rage kirarin ba.

Talata, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Direbobin Tsafe sun shigo tasha ba sa surutu. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da na su Tajuddeen. Gida ɗaya aka nufa, ba a yi tambaya ba.

Alhamis, 2 ga Satumba, da magariba

Tajuddeen ya zo idonsa ja. Babansa ya baro ƙauye, yana Tsafe gidan ƙanwarsa. Wani ne ya nuna masa hoton a waya a masallaci, a gaban mutane, yana yi masa barka. Tsohon ya tashi ya fita. Ya koma gida ya ɗauki buta da bargo ya fito. Ya aiko cewa ba zai koma ba muddin rumbunansa suna cikin aljihun mutane. Ga gero ya fara nuna.

Nan take muka buɗe shafin muka cire sashen gaba ɗaya da hoton. Tajuddeen ya yi ajiyar zuciya, ya ce da safe zai tafi Tsafe ya faɗa masa. Na ba shi ruwan leda mai sanyi, ya sha rabi ya manta da sauran.

Darasin nan na mutanen da ke raye, shi na bari sai ƙarshe.

Juma'a, 3 ga Satumba, bayan masallaci

Dorcas ce ta tuna mini abin da ni da bakina na koya musu. Ta zo da sauri, ta buɗe tarihin shafin, inda ake ajiye kowane gyara tun na farko, ta danna na ran Talatar da Tajuddeen ya ɗora shafin. Ga suna, ga kirari, ga rumbuna, komai yana nan. Ta ce, "Malam, ba kai ka ce nan ba a zubar da komai ba?"

Ni na ce.

Mai gudanarwa na Wikipedia ne kawai ke iya ɓoye tsohon gyara. Na san ɗaya, Malama Binta, tana Kano. Ban taɓa ganinta ba, amma ita ce ta goge muƙalolina na farko, kuma ita ta koya mini dalili. Na fara rubuta mata saƙo, wani ya zo karɓar waya, wani ya zo da caja da ta ƙone. Na ce bari in natsu gobe in rubuta da kyau.

Asabar, 4 ga Satumba, da safe

Babu sabis. Ba a wayata kaɗai ba, duk gari. An ce gwamnati ce ta ɗauke a duk jihar saboda 'yan bindiga.

Litinin, 6 ga Satumba, da azahar

Mutane suna yawo da waya a hannu suna ɗaga ta sama kamar masu duban wata. Rumfata ta yi tsit. 'Yan kaɗan ke kawo caji, masu kallon fim da masu sauraron karatu. Kasuwannin mako ma an ce a dakata.

Ina kwance a benci sai wani tunani ya tashe ni zaune. In mu ba mu iya buɗe shafin, to ai su ma waɗancan ba sa iyawa. Wannan ɗaukewar kamar an rufe mana ƙofa ne a yi gyara a ciki. Abin tsoro shi ne ranar da za a dawo da shi. Dole mu riga ranar.

Na rufe rumfa na tafi gidan Malam Ezekiel a ƙafa don in faɗa masa. Ya ce wannan shi ne karo na farko da ya ga mutum yana murna da rashin sabis.

Laraba, 8 ga Satumba, da yamma

Shafa'atu ta kawo labari cewa akwai wani tudu a bayan Bungudu, ta hanyar Kekun Waje, inda sabis ke ɗan leƙowa. Muka shiga mota ni da ita da Dorcas. Mun tarar da jama'a kamar ana rabon taki. Wani ya hau giginya rabi, wani ya ɗaure waya a gora ya ɗaga. Wani dattijo yana ta kiran "Alo, alo," ya ce yana gwada murya ne kafin sabis ya zo.

Ba mu samu ko sanda ɗaya ta sabis ba. Wadda ta ci ribar tudun ita ce wata tsohuwa mai dafaffiyar gyaɗa, tirenta ya ƙare ta aika a ƙaro. A hanyar dawowa Shafa'atu ta amsa cewa gwaggonta ce, kuma a bakinta ta fara jin labarin. Dorcas ta yi dariya har tabarau ya faɗi.

Mun dawo da wuri. Direba bai yarda rana ta yi sanyi muna kan hanya ba.

Asabar, 11 ga Satumba, da hantsi

Aji ya koma barandar gidan Malam Ezekiel. Na ɗauka ba mai zuwa. Sun zo.

Na rataye kwali a bango na ce shi ne shafi. Kowa ya fito ya rubuta jimla da gawayi, na baya ya gyara, amma ba a gogewa, sai dai a ja layi a sa suna a gefe. Kafin azahar kwalin ya zama kamar an yi dambe a kai. Shafa'atu da wani yaro suka yi ta soke wa juna jimla a kan ko fura ta fi kunu, na tsayar da su na ce wannan shi ake kira yaƙin gyara, in sun yi shi a can za a dakatar da su duka biyun. Maryamu, matar Malam Ezekiel, ta leƙo ta taga ta ce a rubuta kunu, ita ce madogara.

Daga nan na yi darasin mutanen da ke raye. Na ce mutumin da ba a rubuta shi a jarida ko littafi ba, ba a sa sunansa, ba a sa gidansa, ba a sa abin da ya mallaka, ko da gaskiya ne, ko da ubanka ne. Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya kalli inda Tajuddeen ke zama, don ba ya nan.

Litinin, 13 ga Satumba, da asuba

Na samo dabara! Tun jiya take yi mini yawo a kai.

Saƙon WhatsApp in ka tura shi ba sabis, ba ya mutuwa, tsayawa yake yana jira. Da waya ta shaƙi sabis sai ya tafi da kansa. To ba sai ni na je ba, wayar ce za ta je. Yayan Dorcas, Nathaniel, yana jan motar haya ƙirar Sharon daga Gusau zuwa Zariya. Na rubuta wa Malama Binta komai, na danna, ga ɗan agogon nan a gefen saƙo. Na cika wayar da caji na naɗe ta cikin tsumma na kai masa tasha.

Ya juya ta ya ce, "Farfesa, ita ma kujera za ta biya ko a cinya za a riƙe ta?"

Na ce ya sa ta inda ba ta jin zafin inji.

Talata, 14 ga Satumba, da azahar

Hannuna sai kaiwa aljihu yake yi, ina mantawa wayar ta tafi Zariya.

Laraba, 15 ga Satumba, da la'asar

Wayar ta dawo. Agogon yana nan yadda na bar shi. Datata ce ta ƙare tun kafin tafiyar, ni ban duba ba. Waya ta je Zariya ta kwana ta dawo kamar wadda ta raka amarya.

Nathaniel ya yi mini tsiya son ransa, ya tara 'yan kamasho suna tayawa. Na bar su suka gama. Sannan na karɓi tasa wayar na haɗa ta da tawa, yadda in ya sayi data a can ya kunna, tawa za ta sha daga tasa. Na sa ya gwada kunnawa a gabana har sai da hannunsa ya saba. Wasu da suka ji dabarar suka kawo nasu wayoyin. Ya ƙi, ya ce in aka ga buhun wayoyi a motarsa a shingen bincike, bakin wa zai ara ya yi bayani?

Juma'a, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Nathaniel ya sake dawo da wayar, Malama Binta ta amsa! Layi biyu shuɗaye, ga saƙonta a ƙasa!

Na karanta a tsaye a tsakiyar tasha, mota na yi mini oda ban ji ba. Ta ce ta ɓoye duk gyare-gyaren da ke ɗauke da sunan. Ta turo hoton tarihin shafin, layukan sun yi toka-toka an soke su. Ta ce Allah ya tsare, kuma in gaishe da ɗalibai. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Amma akwai saura. Hoton ba a shafin yake zaune ba, yana wata ma'ajiya ta daban da duk harsuna ke ɗiba, kuma ita ba ta da mabuɗin can. Ta ce abin da ya fi shi ne wanda ya ɗora ya shiga da asusunsa ya nemi a cire, ya faɗi dalili da Turanci, ita za ta bi baya. A ƙarƙashin hoton kuwa Tajuddeen ya rubuta cikakken suna da sunan ƙauye.

Na sayi ƙosai na kai wa Nathaniel. Ya ce ashe farfesoshi ma suna da kunya.

Litinin, 20 ga Satumba, da magariba

Na je Tsafe. Tun da muka wuce dutsen Kwatarkwashi kowa a motar ya zuba wa daji ido. Gero a gefen hanya ya sunkuyar da kai, wasu gonakin an yanke, wasu ba kowa.

Na same su a zaure. Tajuddeen yana daga gefe yana ɓare gyaɗa, ya rame. Tsohon bai kai girman da ya yi a hoto ba. Hannunsa ne kawai manya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa har da tambayar mutanen gida da ruwa, bai gajarta komai ba. Sai da ya gama ya ce, "Kai ne malamin?"

Na ce ni ne, Baba.

Na nuna masa hoton da Malama Binta ta turo. Ya kalla ya mayar mini. Ya ce hoto ne ya fitar da shi gida, ba hoto ne zai mayar da shi ba. Ya ce ba zai koma ba sai ya danna da yatsansa ya ga bai buɗe ba.

Na mayar da wayar aljihu. Can ya ce, "Ni ban ce yaron ga ƙarya ya yi ba. Dauri in maroƙi ya kira sunana bakin gona, daɗi nika ji, har in kyautar da dami. Yanzu in anka kira sunanka, sai ka waiga ka ga wa ka saurare." Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga gwiwarsa. "Geron na can. Tsuntsu jan-baki na sha."

Na faɗa masa abin da ya rage, da cewa sai Tajuddeen ya je inda sabis yake da kansa. Wata mata daga cikin gida, ina jin ƙanwar tasa ce, ta ce a bar yaro ya zauna, hanyar nan ba ta mutane ba ce yanzu. Tsohon ya ce wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ya zaro wayar Tajuddeen daga aljihunsa, ashe tana wurinsa tun ranar da yaron ya iso Tsafe, ya ajiye a kan tabarma.

Muka fita bayan gida, na zana masa fuskar waya a ƙasa da tsinke: nan za ka shiga, nan za ka danna, nan za ka zuba bayanin. Ya maimaita, na share da ƙafa, ya zana da kansa. Na tambaye shi kalmar sirrinsa tana nan? Ya ce sunan bijimin babansa ne, ba ya mantawa. Na ce to ya daina faɗa wa mutane.

Wannan ne karon farko da ya yi murmushi.

Laraba, 22 ga Satumba, da safe

Dorcas ta rubuta bayanin da Turanci, Malam Ezekiel ya duba ya rage shi. Ya ce mutanen can ba su san mu ba, a faɗa musu a fili cewa ran mutum ne. Nathaniel zai ɗauki Tajuddeen a bakin hanya a Tsafe. Ya ce zai sa shi gaba kusa da shi, tunda Ɗan Sarki ne.

Alhamis, 23 ga Satumba, da la'asar

Ba su dawo ba.

Juma'a, 24 ga Satumba, da la'asar

Ba su dawo ba. Dorcas ta zo rumfa ta zauna, ba ta kawo caji ba. Motocin Zariya ba su shigo ba tun jiya. Wani ya fara ba da labarin abin da ya ji, mai shayi ya ce masa ya sha shayinsa.

Asabar, 25 ga Satumba, da hantsi

Sun dawo! Muna tsakiyar aji, Dorcas na riƙe da gawayi, sai ga odar Nathaniel a ƙofar gida. Ta jefar da gawayin ta fita ba takalmi. An tsayar da motoci ne a hanya, suka juya suka kwana a wani gari. Iyakar abin da Nathaniel ya faɗa ke nan, kuma yau bai kira ni Farfesa ba.

Tajuddeen ya yi aikin. Ya shiga, ya danna, ya zuba bayanin, bai ɓata ko ɗaya ba. Ya ce har Malama Binta ta zo ta rubuta nata a ƙasan nasa yana kallo. Amma an ce sai an duba, ba a cire nan take ba. Kafin su baro, hoton yana nan.

Na sa ya tsaya gaban kwali ya koya wa sauran yadda ake neman a cire hoto. Ya fi ni iya bayani. Da ya gama Shafa'atu ta tambaye shi yaya sabis yake, ya canja kama? Ya ce yana nan yadda muka san shi, sai dai ya yi ƙiba.

Talata, 28 ga Satumba, da azahar

Ana ta cewa an kusa dawo da sabis a Gusau. Kowa na murna, mutane sun fara kawo caji tun yanzu, rumfa ta cika har na rasa soket. Ni ina karɓa ina murmushi, hankalina yana kan hoton.

Wani ɗan ƙauyen su Tajuddeen ya ce maƙwabta sun yanke wa Sarkin Noma gefen gonar da ke kusa da gari. Ta nesa ba wanda ya je.

Juma'a, 1 ga Oktoba, bayan azahar

Wayoyin da ke kan teburina ne suka fara. Ɗaya ta yi ƙara, sai wata, sai duka suka ɗauka lokaci guda, suna rawa a kan katako, saƙonnin wata guda suna shigowa. Tasha ta kaure. Wani ɗan kamasho ya rungume mai rake. Mata suna kiran 'yan'uwa suna kuka suna dariya.

Na shiga bayan rumfa na tsuguna. Don sauri na rubuta sunan ƙauyen ba daidai ba na sake. Shafin ya buɗe. Na bi ta tarihi, layukan a soke. Na tafi ma'ajiyar hotuna na nemi hoton.

Babu. Sai ɗan rubutu cewa an cire.

Na nema ta sunan tsohon, babu. Ta sunan ƙauye, babu. Na miƙe na buga kaina da kwanon rumfa ban ji zafi ba. Na ba direban Tsafe na farko da na gani saƙo, don can ba a dawo musu da sabis ba: a ce wa Sarkin Noma ya zo da yatsansa.

Asabar, 2 ga Oktoba, da yamma

Ya zo da motar farko, shi da Tajuddeen, yana riƙe da buta da bargon a naɗe. Malam Ezekiel ya fito masa da kujera, ya ce tabarma ta ishe shi. Ɗalibai suka zo ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa. Ya tambayi wace ce ta yi Turancin, aka nuna Dorcas, ya sa mata albarka ita da yayanta.

Ya ce ba da wayata ba, ba da ta ɗansa ba. Ya nuna wani yaro a baya da bai taɓa gani ba ya ce a kawo tasa. Dorcas ta buɗe masa tarihin shafin ta nuna masa layin da aka soke. Ya sa babban yatsa ya danna. Ya sake dannawa da ƙarfi, har na ji tsoron gilashin. Ya juya wayar ya danna ta gefe. Ba abin da ya buɗe. Aka kai shi inda hoton yake a da, ya kalli wurin ya daɗe.

Ya tambaya wa ke iya buɗewa. Na ce masu gudanarwa, su ma kaɗan. Ya ce sun san shi? Na ce a'a. Ya ce madalla.

Sannan ya ɗago ya dube ni. "Waɗanda sunka riga sunka aje shi cikin wayoyinsu fa?"

Na ce, "Baba, wannan hannuna bai kai can ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya sani, so yake ya ji ko zan faɗa.

Ya sa Tajuddeen ya karanta masa abin da ya rage a shafin. Rijiya, tsamiya, gero da dawa da wake. Gajere ne ƙwarai yanzu. Ya saurara ido a rufe, da aka gama ya ce ƙauyen ke nan, ba a rage komai ba. Maryamu ta kawo masa kunu ya sha. Ya ce wa Tajuddeen ya zauna, ba a tashi ana tsakiyar karatu.

Muka raka shi tasha. Nathaniel yana lodi, ya buɗe masa gaba. Ɗan kamasho ya tambaya, Tsafe? Tsohon ya ɗora bargon a cinya ya ce a'a, a wuce da shi gaba a sauke shi a mararrabar ƙauyensu, daga nan zai taka. Ya ce in ya isa kafin la'asar zai ga abin da tsuntsu ya bar masa.

Ban san ko daidai ne ba. Ba wanda ya ce masa kada ya je. Motar ta tashi, bai waigo ba, yana gyara zaman malafarsa.

Ba ni kaɗai na ji ya faɗi mararraba ba. Malam Ezekiel yana tsaye, Dorcas da Shafa'atu suna wurin, Nathaniel ne ya ja motar. Tajuddeen ma ya gani, don bai zauna a ajin ba, ya biyo mu daga nesa ya tsaya bayan rumfar mai shayi. Dukanmu muna ji muna gani muka bar tsohon ya koma ƙauye.